Yadda ake gane shekarun tsohuwar sandar sinuka

To jama'a ga abin da na tsinta daga hirar da aka yi kan tsoffin sandunan sinuka, irin na Amurka da masu tarawa ke bi. Kusan kowa ya ce a fara duba tambari a gindin sandar. In ka ga sunan kamfanin Brunswick-Balke-Collender to alama ce ta kafin 1960, don a shekarar ne kamfanin ya koma Brunswick Corporation. Amma rashin tambari ba ya nufin banza ce, George Balabushka, maƙerin sandunan sinuka na Brooklyn da ya rasu a 1975 yawancin nasa bai sa musu hannu ba, shi ya sa jabu suka yi yawa, sai ka kai wa gwani ya duba.

An daɗe ana magana kan adon nan mai tsini da ake yi a ɓangaren gindin sandar. Na da haɗa katako ake yi da katako, tsinin ya fita siriri sosai, na inji kuwa sau da yawa kan nasa a dunƙule yake. A duba sukurun mahaɗa (inda ɓangarorin sandar biyu ke haɗuwa) da zaren riƙo ma.

Wanda ya fi damuna, don Allah kar a kankare a sake fenti, darajar faɗuwa take yi. In akwai hauren giwa a jiki kuma, tsallaka iyaka da ita matsala ce saboda dokar CITES, wato yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji da sassan jikinsu.