Meye haɗin Septrin da Fansidar?

Abban Hanifa:
Salam 'yan uwa, madam ta je awo aka ba ta Fansidar ƙwaya uku, amma kafin ta sha sai nas ɗin ta tambaye ta wai tana shan Septrin ko ya taɓa yi mata ƙuraje? Ni abin ya ɗaure min kai, wannan na maleriya ne wancan kuma na infekshan, ina suka haɗu?

Dan Kemis:
Wslm Abban Hanifa, ai 'yan gida ɗaya ne, dukkansu akwai sulfa a ciki. Septrin sulfamethoxazole ne da trimethoprim, Fansidar kuma sulfadoxine da pyrimethamine. Yadda suke aiki shi ne bakteriya tana buƙatar folik asid kafin ta hayayyafa kuma da kanta take haɗa shi daga wani sinadari PABA, to shi sulfa kama yake da PABA sak, sai ta ɗauke shi a madadinsa aikin ya tsaya cak, shi kuma trimethoprim ya tare matakin gaba. Mu mutane daga abinci muke samun namu shi ya sa sulfa bai tare mana shi. Ƙwayar maleriya ma haɗa nata take yi. Don haka mai ciki da ke kan Septrin kullum ba a ƙara mata Fansidar, maimaici ne kuma illar ce za ta ƙaru.

Maman Walid:
Batun ƙurajen nan kada a raina shi wlh. Ƙanwata ta sha mai sulfa don tari, sai ga leɓenta ya kumbura baki duk ya saɓule har ido, sai da aka kwantar da ita. Likita ya ce ta daina duk wani mai sulfa har abada. Da an ga ƙuraje a tsaya a tafi asibiti.

Malam Sabo:
Sulfa tsohon magani ne fa, ya riga fenisilin shiga asibiti. Wani Bajamushe Gerhard Domagk ya gano na farko, Prontosil, a 1932. Har yau ana ba da Septrin a ciwon mafitsara da wasu maruru, ana kuma ba masu HIV don kariya daga ciwon huhu. Matsalar mu ce muka mai da shi kamar gyaɗa, mura kaɗan a saya, alhali mura bairos ce ba ruwansa da ita, yanzu ƙwayoyin cuta da yawa sun daina jin sa. Wanda likita ya rubuta wa ya riƙa shan ruwa sosai saboda ƙoda.

Abban Hanifa:
Na gode ƙwarai. Ita dai ba ta taɓa shan Septrin ba, ta sha nata a gaban nas ɗin.