Idan maganin ciwon zuciya ya fara damunka

Masu fama da raunin zuciya sun tattauna kan wahalar da magunguna ke ba su, kuma ƙorafin da ya fi yawa shi ne busasshen tari na lisinopril ko enalapril, mai kankare maƙogwaro ya hana barci. Shan maganin tari ba ya kashe shi. Likita kan mayar da mutum kan losartan ko valsartan, tarin ya lafa cikin makonni. Amma in leɓe ko harshe ya kumbura, a garzaya asibiti nan take, domin yana iya toshe numfashi, kuma ya fi samun baƙar fata. Mai komawa kan maganin da ya haɗa sacubitril da valsartan a ƙwaya ɗaya sai ya yi awa 36 da barin lisinopril.

Spironolactone kan kumbura wa maza nono har ya yi ciwo. Eplerenone ne madadinsa, tare da gwajin jini na ƙoda da fotasiyam. Furosemide kuwa, mai sa yawan fitsari, a sha da safe don gudun fitsarin dare.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne masu ajiye bisoprolol ko carvedilol, magungunan rage saurin bugun zuciya, da kansu saboda jiri da kasala. Tsayar da su kwatsam haɗari ne. Likita ne zai rage a hankali.