Neman shawara: siginar shan haske ta yi rauni a na'urar elektroforesis ta kafilari

Mai tambaya:
Assalamu alaikum malamaina. Ina aikin digiri na biyu a kan rarrabe ƙananan feftaid (gajerun sarƙoƙin amino asid) ta hanyar elektroforesis ta kafilari, wato rarrabe sinadarai da ƙarfin lantarki a cikin siririn bututu, da bututun silika mai faɗin ciki maikromita 50 da bafar asitet (bafa ita ce ruwan sinadarin da ke daidaita pH, wato ma'aunin tsami), ina kuma auna shan haske a zangon nanomita 280. Rarrabewar tana kyau, sai dai ƙololuwan siginar da ke fitowa a jadawali ƙanana ne, da ƙyar ake bambanta su da rawar layin tushe. Shin komawa bututu mai maikromita 100 zai magance wannan?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. A dokar Beer-Lambert, yawan hasken da samfur ke sha ya danganta da tsawon hanyar da hasken ya ratsa, kuma a nan hanyar ita ce faɗin bututun kansa, wanda ya gaza santimita ɗaya ta kwalbar awo sau 200. Faɗaɗa bututun zai ɗaga siginar, amma zafin da lantarki ke haifarwa zai ƙaru, ƙololuwan su baje, ka rasa rarrabewar da kake yabo. A ganina zangon hasken ne babbar matsalarka, domin a 280 amino asid ɗin tiriftofan da tayirosin ne kusan kaɗai ke shan haske, alhali mahaɗin feftaid yana sha sosai tsakanin 200 da 214. Idan ka sauko can, ka bar asitet, saboda shi ma yana shan haske a wurin. Ka koma fosfet mai pH 2.5.

Amsa ta biyu:
Ina goyon bayan Malam, zan ƙara da abin da ba ya cin kuɗi. Ka narka samfurin a ruwa zalla ko a bafar da aka tsarma sau goma, sannan ka tsawaita lokacin shigar da shi cikin bututun. Da yake wannan yanki ba ya ɗaukar lantarki sosai, ƙarfin filin lantarki ya fi yawa a cikinsa, sai ayon ɗin samfurin, wato ƙwayoyinsa masu caji, su yi gudu su taru a bakin iyaka da bafar. Sharaɗin shi ne ka cire gishirin samfurin tukuna, in ba haka ba dabarar ba za ta yi aiki ba.

Amsa ta uku:
Kafin komai, ɗan'uwa, ka ciro bututun ka dubi tagar da haske ke ratsawa, inda aka ƙone rufin foliyimid, wato robar da ke lulluɓe bututun. Idan akwai ragowar toka ko sawun yatsa, ka goge da metanol, ka kuma tabbatar ta zauna daidai da ƙofar hasken, domin hasken da ya zagaye bututun bai ratsa samfur ba yana rage siginar. Ka duba yawan sa'o'in aikin fitilar duteriyom mai ba da hasken ma. Idan akwai hali, kamfanin Agilent na sayar da bututu mai kumburi a wurin tagar kaɗai, daga maikromita 50 zuwa 150, wanda ke ɗaga siginar kusan sau uku ba tare da ƙarin zafi ba.

Mai tambaya:
Na gode malamaina, Allah ya ƙara ilimi. Samfurina yana da gishiri da yawa, don haka zan fara da duba tagar da kuma komawa fosfet a nanomita 200, kafin in nemi hanyar cire gishirin.