Neman shawara: an gayyace ni buga golf a bakin teku, ban taɓa riƙe sandar ba

Mai Fata, Birni:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Sana'ata fata ce, gadon gida, ina sayen kirgi da jemammiyar fatar akuya nan Damagaram ina turawa waje. Akwai wani Balaraben Kazablanka ta ƙasar Maroko da muka daɗe muna ciniki ta waya, yanzu ya ce in zo mu zauna ido da ido mu ƙulla yarjejeniyar shekara. Madalla. To cikin tsarin tafiyar da ya turo sai na ga an rubuta: Asabar, golf a Mazagan, ramuka 18, mu huɗu. Da na tambaya ya ce filin yana bakin teku kusa da El Jadida, ya riga ya kama mana lokaci, sauran biyun kuma masu masana'antar takalma ne da yake so in saba da su. Har hotuna ya turo, ciyawa kore shar, tuddan yashi, teku na ta kumfa a gefe.

Ni kuwa iyakata kallon kokawa da buga dara a gindin dogon yaro. Tafiyar farkon Nuwamba ce. In je in buga, ko in ce masa gwiwa na damuna? In bugawa ce, me zan saya, me zan sa a jiki, yaya zan yi da salla? Wanda ya sani ya taimaka don Allah.

Baba na Garin Malam:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka je ka yi cinikinka ka dawo. Ranar Asabar ka ce za ka raka su kallo, shi ke nan. Mutum da girmansa ba ya zuwa ƙasar wasu ya tsaya dukan iska gaban baƙi. Kuma ni raina ba ya son wasan da ake shayar da fili guda ruwa saboda shi, alhali mu nan cikin bazara muna bin 'yan garuwa da jarka. Amma wannan tawa ce.

Tsohon Kadi:

Baba, a gafarce ni, zan ɗan saɓa maka. Na yi ƙuruciyata ina ɗaukar wa masu golf jaka a Kano kafin in dawo gida, na ga sababbin shiga iri-iri. Alhaji, maganar gwiwa ka bar ta. Wanda ya ce gwiwa ranar Asabar, ranar Lahadi za a gan shi yana hawa bene da gudu, kuma mutumin da za ka sa hannu a takarda da shi ne zai gani. Ka kira shi yau ka ce masa ba ka taɓa bugawa ba amma kana so ka gwada. Masu golf ba sa ƙin sabon shiga. Wanda suke ƙi mutum biyu ne: mai ɓata lokaci da mai rage lissafi.

Ga yadda abin yake. Ramuka 18, kowanne da wurin farawa da tuta a ƙarshe. Ramin kansa faɗinsa santimita 10.8 ne kacal. Kowane rami an ƙayyade masa bugu 3, ko 4, ko 5 ga gwani, shi ake kira par, jimillar filin da za ka je 72. Kai wannan lissafin ba naka ba ne. Naka shi ne: in ramin par 4 ne ka yi bugu 8 ba ka shiga ba, ka sunkuya ka ɗauki ƙwallonka ka sa aljihu, ka bi su kana hira. Babu wanda zai ga laifinka, sai ma su gode. Ana sakin mutane rukuni-rukuni ne, akwai wasu a bayanku suna jira, kuma zagayen yakan ci awa 4 ko fiye ko da kowa ya iya.

In ƙwallo ya shige ciyawa, doka ta ba ka minti 3 na nema, tun 2019 aka rage daga 5. Kai ko ukun kada ka cika. A wasan zumunci ka ce musu ka saki, ka ajiye wani ka ci gaba.

Na biyun kuwa, in ka kai duka da niyyar bugu ka kuskure ƙwallon gaba ɗaya, bugu ne, ana ƙirga shi. Ka ƙirga da bakinka kowa ya ji. Babu alƙalin wasa da ke bin ku, kowa shi ke faɗin nasa, kuma na ga attajirai suna auna abokin ciniki da wannan ba tare da sun ce uffan ba. Wanda ya mai da 9 ta koma 7 a kan ciyawa, sun san abin da zai yi wa sikeli.

Injiniya, Yamai:

Tsohon Kadi ya gama magana kan ɗa'a, ni iska zan taɓa, don ita ce sarauniyar filin bakin teku. Nan Yamai filinmu na Rio Bravo ba ciyawa, ƙasa ce da yashi, kowa na yawo da guntun kafet yana ɗora ƙwallo a kai. Da aiki ya kai ni Maroko na buga a gaɓar Atlantika, sai na ga wani wasan ne daban. Mazagan ɗin Gary Player ne ya tsara shi, ɗan Afirka ta Kudun nan da ya ci manyan gasanni 9, kuma ya yi shi ne a salon filayen gaɓar Sikotilan, inda wasan ya samo asali: fili buɗaɗɗe, tuddai, ramukan yashi, ba itatuwan da za su tare maka iska.

Abu na farko, ka tambaya ƙarfe nawa aka kama muku. In da hali a mai da shi safiya. Rana na ɗagawa ƙasa ta fi ruwa saurin ɗumama, iskar teku ta taso, bayan azahar ta fi ƙarfi. Na biyu, in iska na fuskantarka zuciya za ta ce ka ƙara ƙarfi. Kada ka bi ta. Duka mai ƙarfi yana ƙara wa ƙwallon juyi, sai ya cilla sama, iska ta riƙe shi ta karkatar da shi gefe. Ka ɗauki sanda mai kai nesa fiye da wadda za ka ɗauka da, ka buga a hankali, ƙwallon ya tafi ƙasa-ƙasa ya gangara. Wannan ma alheri ne gare ka, don a irin filin nan ƙwallon da ke gudu a ƙasa ba abin kunya ba ne, gwanaye ma da gangan suke yin haka.

Ka roƙi mai masaukinka ku yi salon da ake haɗa biyu-biyu, kowa ya buga, a zaɓi ƙwallon da ya fi kyau, dukanku ku sake bugawa daga wurin. Ta haka ɓarnarka ba ta shiga lissafi, in kuma ka dace ka jefa ɗaya a rami daga nesa, har dare ana maganarka.

Wani abu kuma: wasu filayen suna tambayar shaidar matakin ɗan wasa, handikaf, wanda mafi yawansa 54 ne. Kai ba ka da shi. Wannan ma dalili ne na gaya masa gaskiya da wuri, ya san yadda zai yi da masu filin.

Ɗan Sabon Gari:

Alhaji ka tafi da gora ta Fulani kawai, ai duk duka ne. In sun tambaya ka ce sabon samfuri ne daga Kasuwar Dole.

Tsohon Kadi:

Kai yaro, bar mu mu yi aiki. Alhaji, kan sayayya: kada ka sayi sanduna. Doka ta yarda mutum ya ɗauki har 14, ana ba da haya a filin, kai kuma huɗu sun ishe ka. Sandar ƙarfe mai lamba 7, sanda ɗaya mai faɗin kai don bugun farko, wadda ake fitar da ƙwallo daga yashi da ita, da ta gangarawa cikin rami. Doguwar nan mai ƙaton kai da suke ce wa direba, ita kowane sabon shiga yake fara miƙa wa hannu, ita ce kuma ta fi wuyar sarrafawa. Bar ta cikin jaka. Abin saye safar hannu ɗaya ce da ƙwallaye na hannu masu araha, da yawa, don za ka raba wa ciyawa da yashi sadaka.

Cutar sabon shiga ɗaya ce, yana sauke sanda kamar mai faskare. Ba ƙarfin damtse ba ne. Ƙafa a buɗe daidai kafaɗa, gwiwa ta ɗan saki, ka juya ƙugu da kafaɗa tare, idonka kan ƙwallon har sai ya bar wurin. Mafi yawan masu kuskure ɗaga kai suke yi su ga inda ya tafi alhali bai tafi ba tukuna.

In ka samu aron mai lamba 7, fita bayan gari da sassafe inda ƙasa ta yi tauri, ka ja layi da yatsa, ka yi ta dukan layin ba ƙwallo, har sandar ta riƙa taɓa ƙasa a kan layin ko gaba da shi kaɗan. Da dare kuma ka kwantar da kofin shayi a kafet ɗin falo ka yi ta gangara ƙwallo ciki daga taki uku. A gajeren bugun nan ne za ka iya kama mutuncinka cikin ɗan lokacin da ya rage maka.

In an ba ka kadi, wato mai ɗaukar jakar sanduna, ka ji maganarsa, shi ya san inda ƙasa ta karkata. Ka tambayi mai masaukinka abin da aka saba ba su, ka riƙe canjin dirhami. Wannan kam don 'yan uwana nake roƙo.

Injiniya, Yamai:

Ƙari kaɗan. In wani zai buga, shiru, waya ma a kashe mata murya, kuma kada ka tsaya gabansa ko dab da bayansa. Kusa da tuta kada ka taka tsakanin ƙwallon wani da rami. In ka shiga ramin yashi, sandar ba ta taɓa yashin kafin bugu, in ka fito ka ja manjagara ka share sawunka. In ka ji an ƙwala ihu "fo" ko "bal", kada ka waiga neman mai kira, ka duƙa ka rufe kai. Ƙwallon bai kai giram 46 ba amma yana fasa goshi. Maganar farashin fata kuwa, bar shi ya fara ɗauko ta.

Ɗaliba a Rabat:

Kawu, ina wuni. Ni ban san golf ba amma na san gaɓar. Nuwamba a can ba irin sanyinmu na hunturu ba ne mai bushe leɓe, sanyi ne mai laima, kuma lokacin ne ruwan sama yake farawa. Ruwan tekun kansa mai sanyi ne ko da rani. Ka zo da rigar sanyi marar nauyi da wadda ruwa ba ya ratsawa. A fili ana son riga mai kwala da wandon yadi, ba jins ba, babbar riga kuma ka ajiye ta don cin abincin dare, a can za ta yi maka aiki sosai. Hula mai baki wadda ta kama kai, don zanna bukar iska za ta kai ta teku.

Daga Kazablanka zuwa El Jadida wajen kilomita 100 ne, akwai babbar hanya akwai jirgin ƙasa. In kun gama ka ce a kai ka tsohon garin da Turawan Fotugal suka gina da ganuwarsa, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2004, ɗan Birni zai ji daɗin ganinsa. Kuma kada ka yi mamakin yadda suka ɗauki golf da girma. Sarki Hassan na Biyu mai son wasan ne ƙwarai, gasar da ke ɗauke da sunansa tun 1971 aka fara ta nan Rabat, shi ya sa manyan 'yan kasuwarsu da yawa suke yi.

Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 a mota, sannan jirgi. Ka bar wa jikinka kwana ɗaya na hutu kafin Asabar ɗin, Kawu.

Malam na Zango:

Wasan kansa ba laifi muddin bai ci lokacin salla ba. In kun fara da safe za ku gama azahar na da sauran lokaci. Kai matafiyi ne, kana da ƙasaru in ba ka yi niyyar zaman kwana 4 cur a wuri ɗaya ba, in ka yi niyya sai ka cika. Maroko ƙasar Malikiyya ce irin tamu, ba wanda zai yi maka kallon baƙo don ka nemi wurin alwala. Abin da zan ja kunnenka a kai: masu wasan nan sukan ce a sa ɗan wani abu a kan kowane rami don armashi. Komai ƙanƙantarsa, in kowa ya zuba wanda ya ci ya kwashe, caca ce. Ka ƙi da fara'a tun a ramin farko. In kana son kyautatawa ka ce shayin bayan wasa naka ne, ka ci ko an ci ka.

Baba na Garin Malam:

To, tunda kun taru a kansa. Amma ka tafi masa da jakar fata ta gida tsaraba, ɗinkin hannu, ya san daga inda ka fito. Tun zamanin ayari fatar jar akuyarmu ke ƙetare hamada, Turawa na saye a hannun mutanen Maroko suna ce mata ta Maroko.

Mai Fata, Birni:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kira shi na gaya masa. Dariya ya yi ta yi, ya ce ɗaya daga masu takalman ma bara ya fara. Ya mai da lokacin ƙarfe 8 na safe, ya kuma ce zai haɗa ni da mai koyarwa na filin ranar Juma'a bayan an sauko. Baba, jakar na hannun baduku. Wanda ke da mai lamba 7 a garin nan ko Yamai ya yi mini magana, zan aiko a karɓa. Tsohon Kadi, wani abu: ni bahago ne, ko akwai bambanci?

Tsohon Kadi:

Akwai babba! Sandunan bahago daban ake ƙera su, kan yana fuskantar ɗaya gefen, kuma na haya ba su cika yawa ba. Ka sake kiransa yanzu a ware maka tun da wuri. Safar kuma ta hannun dama za ka saya, ba ta hagu ba. Injiniya, duba mana cikin mutanenku na Yamai ko akwai bahago, in ba haka ba aron ba zai yi masa amfani ba.

Injiniya, Yamai:

Akwai wani likita da muke bugawa tare, zan tambaye shi ranar Lahadi. In ya yarda zan naɗe ta a kwali in ba motar safe, sai ka tura yaro tasha.