Tsohon gidan ƙasa za mu mayar makarantar nazare, ta ina za a fara?

Malamar nazare, Argungu:
Assalamu alaikum. An ba ƙungiyarmu tsohon gidan tubali a cikin gari, zaure ɗaya da soraye uku, rufin azara. Yara 40 muke son ɗauka. Sharaɗin masu gida shi ne kada a taɓa zanen zaure da zankwaye. Birkila ya ce a lafta filastar siminti ko'ina. Me kuka gani?

Baba magini:
Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki yarda. Bangon ƙasa yana shan laima yana kuma fitar da ita. Siminti kuwa toshe ta yake yi a ciki, bayan 'yan damuna filastar ta ɓamɓare, ta taho da ƙasar bangon. A yi yaɓe da jar ƙasa da ciyawa, a bar kwaɓin ya kwana biyu ya ruɓa, sannan a bi da makuba, wato shafen da ake yi da ɓawon ɗorawa.

Amma daga sama ake farawa. A soka wuƙa a kan kowace azara, daidai inda ta shiga bango, nan gara take fara ci. Wadda wuƙa ta nutse a cikinta, a canza ta. Kuma kada a rushe bangon tsakiya don a haɗa soro biyu: azara ba ta ɗaukar fiye da kamar mita 2 babu tallafi, bangon nan shi ke riƙe da rufin. Indararo ya yi tsawon da ruwa ba zai zuba a gindin bango ba.

Injiniya, Birnin Kebbi:
Gaskiyar Baba ce. Bayi da famfon wanke hannu a gina su da bulo a tsakar gida, nesa da tsohon gini, domin yoyon bututu ɗaya ya isa ya kayar da bango. In akwai rijiya a rufe bakinta da siminti, ramin masai ya nisance ta da mita 30. Taga kuma ƙanana da yawa, ba babba ɗaya ba, nesa da kusurwa, kowace da azara a samanta. Zaure kaɗai bai isa hanyar fita ba in gobara ta tashi, a huda ƙofa ta biyu ta baya.

Malamar nazare:
To zauren fa, Baba? Aji za a yi a ciki?

Baba magini:
A'a, yara za su kankare zanen da farce. Ki bar shi wurin jiran iyaye. Ki leƙa gidan tarihin Kanta da ke Argungu, tsohuwar fada ce ta 1831 da aka mayar gidan tarihi a 1958, ki ga yadda aka sauya aikin gini ba a ɓata shi ba. Yaɓen kuma a gama shi da rani, kafin ruwan Yuni.