Neman kalmar Hausa: wurin da fure ke tsirowa da kansa

Mai shirin rediyo, Gombe: Assalamu alaikum. Ranar Laraba zan naɗi shiri a kan wani ɗan fure mai launin shuni na duwatsun Usambara a Tanzaniya, wanda wani Bajamushe ya aika da irinsa Turai a 1892. Yau ana sayar da shi cikin tukwane a ƙasashe da dama, amma a dajinsa, inda yake maƙale a jikin duwatsu masu laima ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa, saran daji ya jefa wasu jinsunansa cikin jerin masu fuskantar ɓacewa na IUCN, ƙungiyar duniya mai kula da kare halittu. Fassarar kalmar Turanci "habitat", wato wurin da furen ke tsirowa da kansa, ita ce ta hana ni ci gaba.

Malamar kimiyya, Kumo: Wa'alaikumus salam. Muhalli nake cewa a aji.

Mai shirin rediyo: Na gwada, Malama, sai ta ci karo da gurɓatar muhalli a jimla ɗaya. Ga shi kuma tukunyar ma muhalli ce ga furen.

Tsohon ma'aikacin gandun daji, Bauchi: A Yankari mazaunin giwaye muke cewa, ba wanda ya taɓa neman ƙarin bayani. Sai dai ka lura, ɗana, ba filin kaɗai ake nufi ba, har da inuwar da laimar. Idan aka sare kurmin bakin kogin Gaji, ƙasar tana nan, amma abin da ke tsirowa a gindin itatuwan ya tafi.

Malamin Hausa, Azare: Fure ba ya zama, tsirowa yake yi, muhalli kuwa aron Larabci ne. Na daɗe ina ba da shawarar matsira, daga tsira, kamar yadda aka sami makaranta daga karanta da majema daga jima. Ginin Hausa ne tsantsa.

Malamar kimiyya: Allah ya gafarta Malam, mai sauraro zai ɗauka wurin tsira daga haɗari ake nufi. In kuwa za a kori aron Larabci, to kalma da shawara da kuka yi amfani da su yanzu su ne za su fara fita.

Malamin Hausa: Ma'ana biyun ai riba ce, domin dajin nan ne furen ya tsiro, nan ne kuma zai tsira. Da daga Kano aka aiko da ita, da tuni kun karɓa ba musu.

Tsohon ma'aikacin gandun daji: Malam, manomin da zai saurara ba ya tambayar garin da kalma ta fito.

Mai shirin rediyo: Na gode muku. Zan yi amfani da mazaunin asali, domin ya bambanta dajin da tukunya, sannan in ambaci matsira sau ɗaya tare da bayani.

Malamin Hausa: Ban gamsu ba, amma sau ɗayan ma a furta ta daidai. Zan kunna rediyo.