An ga daji a bakin mahaifa, amma an ce daga nono ya taso

Assalamu alaikum. Likitoci da waɗanda suka taɓa jinyar irin wannan, don Allah ku ba mu shawara.

Yayata ce, a Daura take aure. Al'ada ta daɗe da ɗauke mata, sai ga jini ya dawo. Aka yanki ɗan nama a bakin mahaifa, aka gwada a Katsina. Sakamako ya nuna daji ne, amma ƙwayoyinsa na nono ne, nau'in da ake kira lobular. Abin da ya ɗaure mana kai, ba ta da ƙullutu ko kaɗan a nono, hoton nono na mamogiram ma bai nuna komai ba. Likitan ya ce wannan nau'in yakan ɓuya, domin ba ya curewa wuri guda, bin cikin nama yake a jere.

Yanzu magana ta tsaya. Mijinta na son a cire mahaifar kowa ya huta. Ni kuwa gani nake in tushen na nono ne, cire mahaifa kaɗai ba zai raba ta da ciwon ba.

Shin hoton MRI na nono za mu fara yi, ko mu wuce asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya wajen likitocin daji tukuna? Kuɗin hannunmu ba zai ɗauki aiki da hoto gaba ɗaya ba.